Yadda waya ta tona mini asirin lefe

Duk mai niyyar ƙara aure ya san sadaki ba shi ne abin tsoro ba, waya ce. Hajiya kan ɗauki tawa ta kira 'yan'uwanta, don haka da na tashi duba farashin atamfa da leshi, sai wani aminina ya ce in bi ta ƙofar sirri ta Chrome, wato Incognito, mai hoton hula da tabarau. "Ba ta ajiye tarihin inda ka shiga," in ji shi.

Bayan sallar isha'i na lallaɓa ɗaki, na buɗe shafin masu sayar da kayan. Ai kuwa sai ya fito mini tsirara! Babu launi, babu hoton atamfa ko ɗaya, rubutu mitsi-mitsi kamar ayarin tururuwa, an shimfiɗa shi irin na kwamfuta. Na ja da yatsu biyu, na kashe data na kunna, na yi wa kamfanin layi Allah ya isa. Shiru.

Da abin ya ishe ni, na kira ɗana na fari, ɗan sakandare. Yana dubawa ya fashe da dariya.

"Baba, ai shafin ne bai gane ka ba. Tsarin waya da ka taɓa zaɓa, a cikin kukis yake ajiye shi, ita kuwa wannan ƙofa hannu rabbana take shigar da mutum."

Ashe ma tun 2020 Chrome ke toshe kukis na wasu shafukan waje a wannan ƙofar, abin da kan iya rikita shafin da ba a gina da kyau ba.

"Bari in buɗe maka ta ƙofar kowa da kowa."

Kafin in ce kanzil, shafi ya dawo fes, hotuna manya-manya. Yaron nan ya ɗaga murya yana karantawa: "Lefen amarya, akwati shida!" Daidai lokacin Hajiya ta yaye labule da kofin shayi.

"Alhaji, wa za a aurar?"

Na ce maƙwabci ne ya aike ni. Ta ajiye shayin, ta ce in gaida maƙwabcin. Washegari tuwona ya zo ba miya.

Ƙofar sirri a wayarka kaɗai take share sawu. Kamfanin layi da mai shafi suna ganin shigarka. Ɗan'uwa, in ƙari za ka yi, taka da ƙafarka zuwa Kantin Kwari.