Ɗaki Iri Ɗaya, Kowa da Farashinsa

Ranar Lahadi da yamma, lokacin da masu taron bita ke kwararowa Abuja, otal-otal ɗin Wuse da Garki kan cika da baƙi. Ɗakunan iri ɗaya ne, gado iri ɗaya, iyakwandishan mai ƙara iri ɗaya, amma da wuya ka samu mutum biyu da suka biya kuɗi ɗaya. Kuma kowa a cikinsu ya tabbata shi ne ya fi wayo.

Akwai Malam Mai Kwatance. Tun ana saura mako uku tafiya ya buɗe Booking.com, ya buɗe Agoda, ya leƙa Expedia da Hotels.ng, yana tsalle daga wannan zuwa wancan har wayar ta ɗau zafi. Bai san Agoda da Booking.com 'yan gida ɗaya ba ne, kamfani ɗaya ya mallake su. A ƙarshe ya samu ragin dubu biyu, bayan datar dubu uku ta tafi.

Sai Alhaji Kira-Min-Manaja, wanda bai yarda da ɗakin da bai gani da idonsa ba. Ya shigo da babbar riga, yaro na biye da jaka.

"'Yata, nawa ne kwana?"

Mai karɓar baƙi ta faɗa masa.

"Haba! Ni kwana zan yi, ba sayen ɗakin na zo ba. Kira min manaja."

Samarin da ke layi suna ƙunshe dariya, amma Alhaji ya fi su sanin kasuwa. Shafukan nan dillalai ne, dillali kuwa ba don lada yake fita ba. Duk ɗakin da aka kama ta hannunsu, otal ne ke biyan la'ada, galibi wajen kashi 15 cikin ɗari, wani lokaci ma fiye. Manaja ya san baƙon da ya shigo da ƙafarsa ba shi da la'ada a kansa, saboda haka sai ya rage wani abu. In kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, farashi ba ya taɓuwa," ba lallai rowa ba ce: wasu yarjejeniyoyin sun hana otal tallata farashin da bai kai na shafin ba, sharaɗin da Booking.com ya janye a ƙasashen Tarayyar Turai a 2024. To, sai a biyo wa Alhaji ta bayan gida, a ba shi karin kumallo kyauta ko a mayar da shi ɗaki mafi girma. Ranar da dabarar ke ƙin ci ita ce ranar babban taron jam'iyya a Eagle Square. Ranar ko manaja ba ya fitowa, Alhaji sai gidan surukinsa a Kubwa.

Shi kuwa Mai Firgita, jan rubutu ne ke kayar masa da gaba. Da ya ga "saura ɗaki ɗaya" sai ya biya nan take, ya kuma zaɓi mafi araha, wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa. Sau da yawa ɗaki ɗayan nan shi ne ya rage a wannan shafin a wannan farashin, otal ɗin kuwa rabinsa babu kowa. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan, har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka yi alkawarin daina ruɗa masu saye da irin wannan matsi. Labarin bai iso wurin Mai Firgita ba. Abin da ya iso shi ne saƙon cewa an ɗage taron zuwa wata mai zuwa.

Mai Hoto a Waya ana jin muryarsa tun daga bakin ƙofa. "Ga shi nan na ɗauka! Ku duba da kanku!" An duba. A ƙasan farashin, da rubutun da sai an sa tabarau, an ce ban da haraji. Harajin VAT kaɗai kashi 7.5 ne tun 2020, ga kuɗin hidima a kai.

Mai "Ina Da Mutum A Can" ba sai an tsaya kansa ba. Mutumin ya bar aiki tun bara.

Abin ma ba a Abuja ya tsaya ba. Hajiya ta tafi Umra a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗaki a Makka ya fi kowane lokaci tsada in ka cire aikin Hajji. Ɗanta ne ya kama mata a waya, ya ga an rubuta 'yan mitoci zuwa Harami, ya manta Makka garin duwatsu ne, kuma taswira ba ta nuna hawa. Da ta dawo daga tarawihi ta samu numfashi, sai ta kira shi: "Abba, wannan ne kusa? Allah Ya shirye ka."

Wadda ta fi burge ni wata 'yar kasuwa ce mai sarin atamfa, da ba ta ɗaga murya. Ta duba farashi a intanet, ta rufe shafin, ta buga wa otal ɗin. "Na ga kaza a waya. In na zo kai tsaye, me za ku yi mini? Haraji na ciki?" Duk abin da aka ce, sai ta sa a turo mata a rubuce ta WhatsApp. In otal ya ƙi motsi, ko kuwa tafiyar ba ta tabbata ba, ta koma shafin ta ɗauki wanda ake fasawa kyauta.

Can gefe kuma, a otal ɗin Abuja, ga wani ma'aikaci da kuɗin kwanan da ofis ya ba shi a aljihu. Shi farashi bai dame shi ba, don a falon abokinsa zai kwana a Nyanya. Ya jira layi ya ragu, ya matso kusa da kanta, ya rage murya: "'Yar uwa, rasit kaɗai fa, nawa ne?"