Ire-iren Ɗaliban Illela a Ƙasar Rasha

Mutumin Illela bai ɗauki fita ƙasar waje a bakin komai ba. Sai ya karya kumallo a Najeriya, ya hau babur ya je Konni gaida surukai, ya dawo gida ya samu jam'in azahar. Ran Lahadi kuwa ƙasashen wajen ne da kansu suke zuwa masa kasuwa: Buzu da raƙumansa, Ba'adare da tumakinsa, ga fataken shanu daga kudu. Shi ya sa in yaron garin ya samu gurbin karatu a Rasha ba ya jin ko ɗar, a ganinsa iyaka ce kawai ta ƙara nisa. Sai jirgi ya sauke shi a Mosko, a ɗora masa haruffa 33 da bai san gabansu ba balle bayansu, a ce shekarar farko kaf ta koyon harshe ce kafin a fara zancen likitanci ko injiniya. A wannan shekarar ake tankaɗe da rairaya, halin kowa ya fito fili. Ga waɗanda ba a rasawa, daga Jami'ar Patrice Lumumba ta Mosko, wadda aka kafa a 1960, har zuwa Kazan da Kursk.

Sarkin Hunturu

Tun a tasha ya fara cika baki. "Ni da ka hawan mashin da asuba cikin ɗari har Gwadabawa, wane sanyi za a gwada min?" Ya sayi rigar sanyi guda a gwanjo, ya ce hula ta ragwaye ce. Watan Janairu ya kama, ma'auni ya sauka ashirin ƙasa da sifili. Gashin hancinsa ya daskare, wayarsa ta mutu a aljihu da cajinta, kunnuwansa suka daina karɓar umarni. A tashar bas wata tsohuwa ta tare shi, tana nuna kansa tana zazzaga masa faɗa. Bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya gane muryar, don da irinta kakarsa take korarsa daga bakin rijiya. Washegari ya sayi hula mai rufe kunnuwa, da safa biyu, da wandon ciki. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne cikin ɗaki, inda bututun ruwan zafi ke dumama ko'ina har mutum ya kwana da singileti. Yanzu in an tambaye shi sanyi a waya, sai ya ce, "Ku dai ku gode Allah."

Mai Gaisuwa

An rene shi a kan cewa wuce mutum ba sallama rashin tarbiyya ne. Ya shiga lif ya gaida kowa, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi wa na kusa da shi murmushi, mutumin ya duba bayansa ya ga ko da wani ake, sannan ya matsa da jakarsa. Wata uku yana kwana da takaicin ya faɗo ƙasar da kowa ke fushi da shi. Bai san Barashe ba ya raba murmushi a titi ba, sai da dalili yake fitar da shi.

Rannan abokin karatunsa ya gayyace shi gida. Ya miƙa hannu daga bakin ƙofa, aka ja shi ciki tukuna, wai ba a musabaha a kan dokin ƙofa. Aka ba shi silifas, aka zaunar da shi a kicin, uwar gida ta yi ta ɗura masa shayi da miya da burodi har ya fara neman ceto. Da ya tambayi maigidan lafiya, yana jiran "lafiya lau", sai aka ba shi labarin ciwon gwiwa tun daga farkonsa. A nan ya fahimci cewa a can ba a tambayar lafiyar mutum sai an shirya zama.

Ɗan Canji

Wannan jinin iyaka ne. Tun yana firamare yake juya sefa zuwa naira da ka, yanzu an ƙara masa rubul. Ba ya sayen ko ƙwai sai ya bi da kuɗin ta Konni ya dawo da su Illela, sannan ya dafe kai: "Wanga kuɗin buhun albasa na!" Ranar farko a kanti ya nemi ragi, mai karɓar kuɗi ta dube shi, ta dubi layin da ke bayansa, ta sake dubansa, ya biya. Amma Allah ba ya hana ɗan kasuwa rabonsa. Tun da katunan Visa da Mastercard na waje suka daina aiki a Rasha a watan Maris na 2022, aiko kuɗi daga gida ya zama aiki, shi kuwa ya zama bankin ɗakin kwanan ɗalibai. Ƙarƙashin gadonsa akwai kilishi da yaji da man shafawa, duk na sayarwa. Bai iya nahawun Rashanci ba, amma lambobi ko cikin barci aka tashe shi ba ya kuskure.

Malam Mai Tantancewa

Kalmar Rashanci ta farko da ya haddace ita ce sunan alade, ta biyu kitsensa. Yakan shafe rabin awa a kanti yana karanta bayan gwangwani da tabarau, har mai gadi ya fara zagaye shi. Ya san kowane Ba'uzbeke da Batajike mai sayar da shawarma a unguwar, kuma ya yi wa kowannensu tambayoyi. Babbar rigimarsa da rana ce. A Disamba takan faɗi a Mosko kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su taru masa cikin darasin yamma, ya yi ta fita da buta a jaka. A Yuni kuma, can Sant Fitasbag, dare ba ya gama shiga gari yake wayewa. Waɗanda suka yi azumin 2016 a can, lokacin da ya faɗo a Yuni, har yau suna yi wa na baya kallon yara. Ranar da ya je Kazan ya ga masallacin Kul Sharif, ya ji 'yan ƙabilar Tatar suna sallama, sai da ya kira babansa ya ce, "Baba, ashe akwai mutane a nan."

Uwar Tukunya

Akwatinta biyu. Ɗaya tufafi da littattafai, ɗaya kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, Inna ta ƙulle kowanne a leda uku. Ta gwada abincin makaranta: jar miya mai tsami an ɗora mata kindirmo, ga wani ganye mai ƙamshi da suke barbaɗawa a kan komai. Ta ajiye cokali. Cikin mako guda ta gano garin alkaman da Rashawa ke dama wa yara kunu, ta tuƙa shi tuwo da muciyar da ta zo da ita.

Kicin ɗin na kowa da kowa ne, ga ɗan Biyetnam yana soya kifi, ga ɗan Indiya da albasarsa. Ta jefa daddawa a tukunya. Minti biyar ba a yi ba, sai ga matar da ke kula da ginin ta hauro da makullai a hannu, tana shinshina, tana neman abin da ya mutu a bayan firji. Ta buɗe tagogi duk da ƙanƙara. Uwar Tukunya ba ta ce uffan ba, ta yanko malmala ta zuba miya ta miƙa mata. Matar ta ɗanɗana don kunya. Daga ranar, duk Asabar sai ta samu dalilin duba wayar wuta a wannan bene. Samarin Illela kuwa, har da waɗanda ba sa gaishe ta a gida, yanzu "Anti" suke kiranta.

Na Gaban Farfesa

Jarrabawar can ta baki ce. Ka zari takarda a kife a kan tebur, abin da ka zaro shi ne rabonka, ka zauna gaban malami ido da ido. Biyar ce ƙoli, biyu faɗuwa. Wannan ɗalibin ya zo yana dariyar camfin Rashawa: a sa kwabo cikin takalmi, a ƙi wanke kai, a leƙa taga da tsakar dare a ɗaga littafin maki ana kiran sa'a. "Jahilci na," in ji shi. Daren jarrabawar ilimin sassan jiki aka gan shi ya sha rubutun da aka aiko masa, ya kira Inna ta yi sadakar waina, kuma da zai shiga aji ana jin wani abu yana ƙara a takalminsa na hagu.

Wanda Ya Dawo

Ya sauka Illela a watan Afrilu, zafi ya haura arba'in, yana sanye da hular gashi. Shayinsa ba madara, sai yankin lemun tsami. An ce ɗaurin aure ƙarfe biyu, ya isa biyu saura minti biyar, ya tarar ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Gaisuwarsa ta gajarce har gwaggo ta tambaya ko an yi masa wani abu a can. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da tutar Rasha ta fara yawo a titunan Yamai, kasuwarsa ta buɗe. Duk majalisar da ya zauna sai an tambaye shi ko yana ganin Putin, shi kuma ya gyara zama ya ce akwai abubuwan da ba a faɗa.

Kwana huɗu ya yi a haka. Ran na biyar aka same shi a gindin darbejiya da 'yar shara, ƙwaryar fura a gabansa, yana tambayar wani tsoho gida da iyali da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Hular kuwa Inna ta ga ba ta da amfani a kan mutum, ta kai ta akurki. Kaza tana kwance a kan ƙwai tara a ciki, kuma an ce duk sun ƙyanƙyashe.