Yadda Ake Hutu a Gidan Tarihi a Zanzibar

In ka ga tallan ɗakin haya a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, an rubuta cewa daga taga ana hango teku, kada ka ƙaryata. Ana hangowa. Sai dai ka hau bene na uku, ka taka kujera, ka leƙa tsakanin tankin ruwan maƙwabci da shanyar matarsa. Ɗan shuɗin nan da bai fi tafin hannu ba, shi ne Tekun Indiya, shi ka biya wa kuɗi.

Bar babban akwati a gida. Mota ba ta shiga lungunan, direba zai sauke ka a bakin titi ya nuna maka hanya da leɓe. Bakano zai ce ai ya saba da lungu. A ƙyale shi, sai ya wuce wata ƙofa mai ƙusoshin tagulla karo na uku zai fara sallama.

Ɗakin kuwa dogo ne siriri, kamar soro. Ba rowa ba ce. Da sandunan itacen bakin teku aka yi azarar rufin, ana ce musu boriti, inda sanda ta tsaya nan faɗin ɗaki ya tsaya. Bangon na dutsen murjani ne da farar ƙasa, ya sha iskar gishiri tun zamanin sarakunan Oman. In ya ɗan zubo maka a shayi, ka tuna UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Gadon duniya ne ya faɗo kofinka, shanye abinka.

Kada ka tambayi lif. An taɓa sa shi a Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, kuma shi ne na farko a Gabashin Afirka. Labarin ne bai iso gidanku ba tukuna.

In famfo ya ƙi, mai gida ya ce mai gyara na zuwa ƙarfe biyu, tashi da wuri. Waswahili daga wayewar gari suke fara ƙirga, biyunsu takwas ɗinka ce ta safe. Ko zai zo a takwas ɗin, wannan kuma sai Allah.

Bayan magariba ka gangara lambun Forodhani, ka sayi ruwan rake mai citta, ka zauna. Ga teku nan shimfiɗe har ƙarshen gani, ba kujera, ba tanki. Ka dai riƙe lambar mai gida, don komawa ma aiki ne.