Yadda Na Bi Surukina Bashi da Asuba

Alhajin da nake yi wa aikin kwamfuta a Kantin Kwari mutum ne mai kunya. Zai ba ka atamfa dila guda bashi, amma ya buɗe baki ya ce a biya shi, sai dai wani ba shi ba. Rannan ya ce mini, "Injiniya, haɗa mini abin da zai riƙa tuna musu ta waya. Ita na'ura ba ta san kara ba."

Na ɗauko Python, na raba aikin gida biyu. Ɓangare ɗaya yana leƙa littafin bashi duk bayan minti guda, yana tsamo sunayen waɗanda ba su biya ba. Ɗayan yana aika musu saƙon tes. Tsakaninsu na sa asyncio.Queue, layin da ke karɓa daga wannan ya miƙa wa wancan, kowa da saurinsa, ba mai jiran wani. Kamar mai tuyar masa ne da yarinyar talla: uwa tana juyewa a faifai, 'ya tana kwashewa in ta dawo.

To shi wannan faifan, idan ba ka yanka masa iyaka da maxsize ba, sifili yake ɗauka, kuma a wajensa sifili na nufin a yi ta zubawa har illa masha Allahu.

Daren Alhamis sabis ya ɗauke. Mai aikawa ya tsaya cak yana jira. Mai tsamowa kuwa ko a jikinsa: ya leƙa, ya ga ba a biya ba, ya sake jefa sunaye, haka ya kwana. Ana kiran assalatu sabis ya dawo, bawan Allah mai aikawa ya shiga sauke amana ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai ci ba.

Na uku a littafin surukina ne, bashin shaddar Sallah. A sahun gaba yake, waya a aljihun gaba, tana ta tsuwwa tun daga kabbarar farko har sallama. Da ya duba, magana ɗaya ce jere reras: "Malam, a ji tsoron Allah a biya." A ƙasa kuma ga sunana, don na sa a san wanda ya yi aikin.

Na je na durƙusa, hula a hannu. Na ce, "Baba, matsalar tsohuwa ce. Tun 1965 wani masani ɗan ƙasar Holan, Dijkstra, ya yi rubutu a kanta: in ma'ajiya ta cika, dole mai zubawa ya dakata."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shi Dikistiran, shi ma yana bi na ne?"

Daga nan na wuce kasuwa da niyyar sa wa layin iyaka, yadda in ya cika mai zubawa (put) zai tsaya sai mai kwashewa (get) ya rage. Na tarar da Alhaji yana ƙirga kuɗi, yana lasar yatsa. Mutanen da suka shekara suna sauya hanya sun biya kafin hantsi, wasu har da ban haƙuri.

Na buɗe kwamfuta, ya dafe ta da hannu. "Injiniya, kada ka taɓa komai. Abin da nake so ka koya mini ɗaya ne: yaya ake ɗauke sabis ɗin nan da gangan?"