An Goge Ƙofa, Wa Zai Biya?

A bakin Kantin Kwari, idan direba ya yi ribas ya goge ƙofar motar wani, kafin a tambayi takardar inshora alƙalai goma sun taru, kuma babu ɗayansu da ya ga abin da ya faru.

Ƙa'idar ba ta da wuya: motar da ke tafiya ta bugi wadda ke ajiye, galibi laifin na mai tafiyar ne. Inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Motar mai laifi kuwa, sai jaje.

Mai cikakkiyar inshora ma bai tsira ba. A takardarsa akwai kason da zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya tanka. A ce kason naira 50,000 ne, mai fenti kuma ya yanka 40,000: kamfani ko sisi ba zai bayar ba. Shi ya sa shari'o'i da yawa ke ƙarewa a gareji, bayan "Alhaji, a yi haƙuri" da dogon ciniki da mai gyaran bodi.