Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bakin Saksafon Ɗina

Sheda, Ƙaramar Hukumar Kwali, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ko da yake na san jikin ba daɗi. Dalilin wannan takarda shi ne tsagar da ta fito a gindinka, daidai inda kake hawa wuyan saksafon. Siririya ce, sai an karkata ka wajen hasken taga ake ganinta. Amma da zarar na sauka kan manyan muryoyi na ƙasa sai ka kama huci, iska na zurarewa ta gefe, kuma ba ka tashi yin tsuwa ba sai a tsakiyar taken amarya. Mai ganga ya juyo ya galla harara, kuma ni ya harara, kai kana lafe a bakina kamar ba ka san zancen ba.

Ban manta da asalinka ba. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya yi wa kakanku rajista a birnin Faris a 1846, kai kuma roba ce da aka dafa da farar wuta har ta ƙanƙare ta yi baƙi. Shi ya sa na yi watsi da shawarar masu cewa a tsoma ka a tafasasshen ruwa tsagar ta haɗe. Da na bi tasu, da yanzu ka koma kore-kore kana warin ashana.

Adalci ya sa in ce laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Ɓawon itacen nan mai laushi da ke naɗe a wuyan saksafon, wanda akasari daga Fotugal ake ɓaro shi, bai san hunturun Sheda ba. Da iska ta bushe sai ya motse, ka yi sako-sako. Wani yaro da ya are ka ya naɗa masa takarda don ka zauna daram. Damina ta sauka, ɓawo ya sha laima ya kumbura, sanyin safiya ya sa sauti ya faɗi, aka murɗa ka ciki da ƙarfin tsiya ba ko ɗigon mai. To, amma kai ma ka cika saurin fushi. Dubi ɗan'uwanka na fada, bakin algaita. Yana shan rana da ƙurar hawan salla, in karansa ya mutu mai busa ya yanko wani ya fere da wuƙa, a ci gaba da bin sarki.

Ga mu kusa da cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda, wadda aka kafa tun 1993, mai na'urar hasken gamma da ke kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti ta kuma hana doya tsiro. Na so in kai ka, kunya ta hana ni tsayawa gaban masana da abin da bai fi babban yatsa ba. Wani mai walda a Gwagwalada ya ce in kawo ka ya ɗana maka wuta. Na yi masa godiya na kama hanya.

Aikin gyartai za a yi maka, irin na ƙwaryar da ta tsage, sai ka daure. Za a wanke ka da sabulu da ruwan sanyi, a bar ka ka bushe sarai. A ƙarshen tsagar za a huda ɗan rami kamar na allura don kada ta ci gaba da tafiya. Sai a ɗiga gam mai ruwa-ruwa ya bi tsagar da kansa, a matse ka, a goge cikinka tas, domin ko ɗan tudu ya saura a ciki ba za ka sake hawa wuya daidai ba. Gam kaɗai ba ya riƙe ka, don kullum ɓawo na turo ka daga ciki. Saboda haka za a ɗaure gindinka da zaren kamun kifi, layi kan layi ba tazara, a jiƙa shi da gam ya sandare. In aljihu ya yarda, maƙeri zai ƙera maka zoben tagulla wanda zai shiga da ƙyar. Kada ka ɗauka na baiko ne. Shi ma ɓawon zai sha samfefa har ya rage ƙiba, kuma daga yau ba ka hawa sai an shafa masa mai.

Asabar mai zuwa muna da biki a Kwali, an riga an ba da kafin alƙalami, har na ci rabi. In ka yi amo, ka koma akwatinka cikin ƙyalle mai laushi. In ka sake yi mini tsuwa gaban dangin ango, akwai wani na leda da na gani a shago a Wuse, muryarsa ba daɗi amma ba ya fushi, na kuma riga na tambayi kuɗinsa.

Naka har kullum,
Mai hura maka iska.