Digirin Dare Ɗaya a Kan Ƙasar Sin

An buɗe wata jami'a da ba ta da harabar karatu, ba ta neman sakamakon jarrabawa, kuma ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Kuɗin makarantarta datar kwana ɗaya ce. Ɗalibi zai kishingiɗa bayan isha'i ya kalli fim ɗin gaskiya guda a kan ƙasar Sin, irin wanda ake bin mutane da kyamara a ɗauki rayuwarsu, gari na wayewa sai ga shi a teburin mai shayi da digirinsa. Daga ranar ba wanda zai sake kurɓar shayi cikin kwanciyar hankali. A yi zancen kwata ta toshe, ya ce a Sin ba a haka. A ce yaro ya ƙi aike, ya ce ɗan Basine ba ya ɗaga ido ya dubi ubansa. Mutum biliyan 1.4 da ƙabilu 56, duk ya ƙulle su cikin jimla ɗaya mai farawa da "ai su Sinawa". Ni a ganina finafinan ba su yi laifin komai ba. Da malamin namu zai daure ya kai ƙarshensu, su da kansu za su ƙwace masa digirin.

A ɗauki zancen biyayyar 'ya'ya, tunda shi ne bulalar da aka fi zane yaran unguwa da ita. A 2009 Fan Lixin ya fitar da Last Train Home, inda ya bi wasu ma'aurata da suka bar ƙauyensu na lardin Sichuan, suka ajiye 'ya'yansu wurin kaka, suka shafe shekara 16 suna ɗinki a masana'antun Guangzhou, garin da 'yan Kantin Kwari suka sani kamar bayan gidansu. Sau ɗaya a shekara suke komawa gida, lokacin sabuwar shekarar Sinawa, tare da wasu ma'aikata kimanin miliyan 130 masu kokawar neman tikitin jirgin ƙasa. Malaminmu ya ga turmutsutsun tasha, ya yi kabbara, ya ce ka ga masu zumunci, sannan barci ya ɗauke shi. Bai kai wurin da 'yar gidan ta ajiye makaranta ta tafi birni aiki ba. Bai ga daren bikin da ta zagi ubanta, ya kwaɗa mata mari, ta rama, suka kaure da kokawa a gaban kaka, sannan ta juyo tana yi wa mai kyamara tsawa ba. Fim ne a kan abin da neman kuɗi ke yi wa gida, amma an mayar da shi wa'azin tarbiyya saboda an kashe waya a minti na 20.

Sai masu cewa Basine bai san maguɗi ba, a jininsa tsari yake. Waɗannan ya kamata a zaunar da su a gaban Please Vote for Me na Chen Weijun, wanda ya fito a 2007. Wata firamare ce a birnin Wuhan aka ce wa yara 'yan shekara 8 su zaɓi monita da ƙuri'a, 'yan takara uku. Kafin a je ko'ina wani ɗan takara ya fara raba alƙawarin muƙamai, ya kuma shirya 'yan ihu suka yi wa yarinyar da ke takara a-ture har ta fashe da kuka. Iyaye suka koma daraktocin kamfen, suna rubuta jawabi da dare suna sa yaro ya haddace. Uban ɗaya daga cikinsu ɗan sanda ne, ya kwashi ajin kaf ya kai su yawon jirgin ƙasa na cikin gari, ranar zaɓe kuma ɗan nasa ya raba kyaututtuka dab da jefa ƙuri'a. Shi ya ci. Duk wanda ya taɓa karɓar taliya a layin zaɓe zai kalli fim ɗin nan ya ji ya zo gida.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren jami'ar, na masu digirin ƙyama. Su nasu karatun bai kai minti uku ba: wani bidiyon kasuwa da aka turo a WhatsApp, shi ke nan an yanke hukunci cewa Sinawa ba abin da ba sa ci. A Bite of China, wanda gidan talabijin na CCTV ya fara nunawa a 2012, zai ɗan dagula musu lissafi. Ciki akwai masu tonon saiwar wani tsiro mai kama da bado, sun nutse cikin taɓo suna lallaɓa ta kada ta karye farashi ya faɗi, akwai gurasar tanderu ta Xinjiang, akwai taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a zuba mata romon naman sa, wadda sana'ar Musulmin Hui ce tun asali. Mai digirin ƙyama zai iya cin kwanon nan da bisimilla, har ya nemi ƙari.

Za a ce mini gani ya kori ji, kuma kyamara ba ta ƙarya. Haka ne, sai dai akwai mai riƙe da ita, akwai kuma mai almakashi a bayansa. A 1972 gwamnatin Sin da kanta ta gayyaci Antonioni, mai shirya fim ɗan Italiya, ya zo ya ɗauki ƙasar. Ya ɗauki talakawa a kan kekunansu da tsofaffin lunguna, a 1974 jaridar jam'iyya mai mulki ta yi masa wankin babban bargo, ba a nuna fim ɗin ga jama'a a Beijing ba sai 2004. A 2015 'yar jarida Chai Jing ta saki Under the Dome a kan hayaƙin da ya turnuƙe biranen ƙasar, aka kalle shi fiye da sau miliyan 100 cikin 'yan kwanaki, kafin mako ya zagayo an share shi daga intanet ɗin Sin. Tashar gwamnati za ta nuna maka jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa. Mai neman lambar yabo a Turai zai nuna maka tsohuwar da aka rushe wa gida. Duka biyun sun faru, kuma kowannensu ya san abin da ya bari a bayan kyamara. Malaminmu ne kawai bai san an bar komai ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa. Ba kowa ke da kuɗin jirgin Guangzhou ba, kuma wanda ya kalli fim ɗaya ya fi wanda har yau yake zaton kowane Basine na iya tsallake katanga da tsalle ɗaya, kamar yadda finafinan Chanis suka koya wa iyayenmu a silima. Ci gaba ne, ba musu. Matsalar ita ce mai kallon Chanis ya san nishaɗi ya saya, bai taɓa cewa a gyara tsarin ilimin ƙasa bisa dukan da Jackie Chan ya yi wa bos ba. Na yanzu kuwa da shawarar gyaran ƙasa yake fitowa. Ga wanda ke son ya riƙe digirinsa da hujja, Wang Bing ya yi West of the Tracks a kan masana'antun birnin Shenyang da ke mutuwa da ma'aikatan da aka sallama, tsawonsa ya haura awa 9. Majalisar mai shayi na iya yin karo-karo ta saya wa malam datar, da sharaɗin ba zai ce "ai su Sinawa" ba sai ya gama.